Akwatin madubi mai naɗewa na gashin hannu: inda yake aiki da inda ya gaza

Kayan da muke dubawa a nan shi ne akwatin madubi mai naɗewa, na gashi, wato atisayen farfaɗo da gaɓa, wanda ake sayar wa masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda aka yanke wa hannu, da masu ciwon hannun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan karaya ko tiyata. Kamfanoni da dama ne ke yin sa, kowa da sunan da ya ba shi, amma ƙirar kusan ɗaya ce. Bango uku ne ko huɗu na roba mai kauri, ko kwali da aka lulluɓe da yadi, a haɗa su da maɗaurin manne su zama ɗan rami da hannu zai shiga, sai a liƙa madubin akirilik, wata roba mai kama da gilashi, a waje, a gefe ɗaya. In an gama aiki a naɗe shi ya shiga jaka.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne: dabarar tana da tushe, kuma ta cancanci a gwada ta, amma akwatin da aka fi samu ya yi ƙanƙanta, madubinsa yana lanƙwashewa, takardar bayanin da ke zuwa da shi kuma ba ta faɗin abubuwan da suka fi muhimmanci. Ga yatsu da wuyan hannu yana yin aikinsa. Ga gwiwar hannu da kafaɗa bai isa ba. Ga ƙafa kuwa ba shi da wani amfani.

Me ya sa madubi zai taɓa hannun da ba ya motsi

Ba za a gane dalilin da ya sa muka matsa a kan girman madubi da miƙewarsa ba sai an san abin da ƙwaƙwalwa ke yi idan mutum ya miƙa hannu zai ɗauki kofi. Umarnin motsi yana fitowa ne daga wani ziri na saman ƙwaƙwalwa da ke gaban babban kwarin da ya ratsa ta daga tsakiyar kai zuwa wajen kunne. Daf da bayan wannan kwari akwai wani zirin, shi ke karɓar saƙon taɓawa da na inda gaɓoɓi suke. Wilder Penfield da Edwin Boldrey suka fitar da taswirar waɗannan sassa biyu a birnin Montreal na Kanada a 1937, ta hanyar taɓa ƙwaƙwalwar marasa lafiya da 'yar wutar lantarki a lokacin tiyata, kuma taswirar ta nuna hannu da leɓɓa sun cinye fili fiye da gangar jiki. Yawancin zaruruwan da ke ɗauke da umarnin, kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, suna tsallakawa ɗaya ɓangaren a gindin ƙwaƙwalwa kafin su gangara cikin laka. Shi ya sa bugun jini a hagun ƙwaƙwalwa ke shanye hannun dama.

Umarni kaɗai ba ya kai hannu ga kofi. Dole amsa ta dawo. A cikin kowace tsoka akwai 'yan ƙananan na'urorin ji masu auna tsawonta da saurin miƙewarta, a jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi akwai masu auna ƙarfin ja, fata na kawo nata labarin, ido na kawo nasa. Sashen da ke saman kai ta baya shi ke haɗa waɗannan rahotanni ya fitar da amsa ɗaya, cewa hannu yana wuri kaza. To amma amsar tana ɗaukar lokaci. Kafin abin da ido ya gani ya gyara tafiyar hannu, an fi milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma a motsi mai sauri wannan jinkiri ne babba. Saboda haka duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta aika umarni sai ta ajiye kwafinsa, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya ta yi amfani da kwafin ta yi hasashen abin da ya kamata a ji a kuma gani, sannan a gwada hasashen da abin da ya dawo. In sun dace, a ci gaba. In sun saɓa, a gyara motsin, a kuma gyara hasashen gobe. Erich von Holst da Horst Mittelstaedt a Jamus, da Roger Sperry a Amurka, duk a 1950 suka bayyana wannan tsari na kwafin umarni. Shi ne dalilin da mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli: ƙwaƙwalwa ta riga ta san abin da ke zuwa, ta rage masa ƙarfi.

Ido na iya riƙe wannan aiki idan sauran hanyoyin sun yanke. Ian Waterman, wani ɗan Ingila, ya rasa jin taɓawa da jin matsayin gaɓoɓinsa daga wuya zuwa ƙasa a 1971 yana ɗan shekara 19, alhali tsokokinsa da jijiyoyin umarni lafiyarsu ƙalau. Da farko ko zama bai iya ba. Daga baya ya koyi tafiya ta hanyar kallon gaɓoɓinsa a kowane motsi, in aka kashe fitila kuwa sai ya faɗi. Kuma ko a lafiyayyen mutum, idan ido da tsoka suka yi saɓani a kan inda hannu yake, yawanci maganar ido ake ɗauka. Gani ya kori ji.

A nan madubi ya shigo. Hannun da ya shanye, ko wanda aka yanke, ana aika masa umarni amma babu amsar da ke dawowa, har ƙwaƙwalwa ta saba da cewa wannan hannun ba ya amsawa. V. S. Ramachandran na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya yi tunanin a ba ta amsar ta hanyar ido: a ɓoye hannun da ke da matsala a bayan madubi, lafiyayyen ya yi motsi a gaba, hotonsa ya faɗa daidai inda ɓoyayyen yake. Ya wallafa sakamakon a kan waɗanda aka yanke wa hannu a 1996, sannan Eric Altschuler da abokan aikinsa suka gwada a kan masu shanyewar ɓarin jiki a 1999.

Abin da za a riƙe daga duk wannan shi ne cewa hoton ne ke aikin, ba akwatin ba. Duk abin da ya tona wa ƙwaƙwalwa cewa hoton ba hannunta ba ne, ya rage amfanin zaman. Da wannan ma'auni muka auna kowane ɓangare na kayan.

Wani abu a gefe: takardun talla na son cewa akwatin yana aiki ne ta hanyar "ƙwayoyin jijiya na madubi". Gaskiya ne Giacomo Rizzolatti da tawagarsa a Parma ta Italiya sun gano, a farkon shekarun 1990, wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar biri da ke aiki idan birin ya ɗauki abu da kuma idan ya ga wani ya ɗauka. Amma ba a tabbatar cewa su ne ke ɗauke da amfanin wannan gashi ba. Abin da aka fi gani a gwaje-gwaje shi ne sashen umarni na hannun da aka ɓoye yana ƙara zama a shirye, hankali kuma yana komawa kan gaɓar da aka yi watsi da ita. Wannan ma ya isa dalili, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Madubin kansa

Zaɓin akirilik maimakon gilashi yana da hujja. Nauyinsa kusan rabin na gilashi ne, kuma ba ya tarwatsewa in ya faɗi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki da hannu ɗaya a kan teburi. Matsalar ita ce siririn akirilik mai kaurin milimita 2 ko ƙasa da haka yana bin duk abin da aka liƙa shi a kai. In kwalin bayansa ya ɗan gantsare saboda naɗewa ko zafi, madubin ma ya gantsare, sai ka ga yatsu sun yi tsawo, ko bayan hannu ya kumbura, ko wuyan hannu ya karkace a hoton.

Ga mai shanyewar jiki wannan yana raunana ruɗin ne kawai, wato jin cewa hoton hannunsa ne. Ga mai ciwo kuwa ya fi haka. Lorimer Moseley da abokan aikinsa sun nuna a 2008 cewa idan masu ciwon hannu na dogon lokaci suka kalli hannun ta tabarau mai ƙara girma suna motsa shi, ciwon da kumburin sun fi tashi, idan kuma ta mai rage girma ne sun fi sauƙi. Madubin da ke kumbura hoto bai dace da irin wannan mara lafiya ba ko kaɗan.

Gwajin yana da sauƙi, kuma ya kamata a yi shi ranar da kayan ya iso. A fara ɓare siririyar ledar da ke kare fuskar madubin, domin da yawa ba sa lura da ita, suna ta aiki da hoto mai hazo. Sannan a ajiye rula a kan teburi, bakinta ya taɓa madubin a tsaye, a duba: rular da hotonta su zama layi ɗaya miƙaƙƙe, tazarar lambobin kuma ta zama iri ɗaya. A matsar da ita gaba, tsakiya, da baya. In layin ya karye ko ya yi lanƙwasa a wani wuri, a mayar da kayan, ko a liƙa katako siriri miƙaƙƙe a bayan madubin.

Tsayuwarsa ma haka. Dole ya tsaya cak a kan teburi, digiri 90. Madubi yana ninka karkata: in ya jingina da digiri 5, teburin da ke cikin hoton zai karkata da digiri 10, hannun ya zama kamar yana kan gangara alhali ɓoyayyen yana kwance a shimfiɗe. Akwatunan da maɗaurin manne kaɗai ke riƙe kusurwarsu suna fara jingina da zarar maɗaurin ya cika da zare ya saki. Masu siffar dala, wato masu bango uku, sun fi tsayawa da ƙarfi, sai dai wasunsu an yi su ne da madubin a jingine tun daga masana'anta, don haka a duba kafin a saya.

Girma, wanda shi ne babban aibinsa

Hannun babban mutum daga wuyan hannu zuwa kan dogon yatsa ya kai santimita 18 zuwa 19. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa kuwa ya haura 40. Madubin yawancin akwatuna masu naɗewa bai wuce santimita 30 ko 35 a tsawo ba, tsayinsa kuma bai kai haka ba. Sakamakon shi ne hannun da ke cikin hoto yana yankewa a tsakiyar damtse na ƙasa, a bayansa kuma ido na hango ainihin hannun mara lafiya yana shiga rami, ba ya motsi. Da zarar an ɗaga lafiyayyen hannu sama da ɗan taƙi, hoton ya fita daga madubin. Ke nan duk atisayen miƙa hannu, da kai kofi baki, da lanƙwasa gwiwar hannu, sun fita daga lissafi.

Ga aikin hannu gaba ɗaya muna ba da shawarar madubi mai tsawon santimita 60 da tsayin 45 zuwa 50. Ga ƙafa ana bukatar kusan 90 da 60, a tsayar da shi tsakanin ƙafafu mutum yana zaune.

Ramin ma yana da nasa matsalolin. Faɗinsa ne ke yanke nisan ɓoyayyen hannu daga madubi, kuma hoto yana bayyana ne a bayan madubi daidai nisan da lafiyayyen hannu yake a gabansa. In ramin ya matse ɓoyayyen hannu a santimita 5 daga madubi, mara lafiya kuma ya ajiye ɗayan a santimita 20 don ya ga hoton sosai, to ido na cewa hannu yana can, tsoka na cewa yana nan. A daidaita su, santimita 10 zuwa 15 kowane gefe, a ma sa alama da tef a kan teburi. Hannun da ya dunƙule ya sandare, ko wanda ke sanye da abin tallafi, sau da yawa ba ya shiga ramin sai da turawa, rufin kuma yana hana mai taimako sa hannu ya motsa yatsun daga ciki. Haɗa akwatin da hannu ɗaya ma wahala ce, tunda maɗaurin yana son a riƙe bango biyu a lokaci guda. Gindinsa na santsi a kan teburi, sai an shimfiɗa masa tabarmar roba mai hana zamewa, wadda ba ta zuwa tare da shi.

Yadda ake zama da shi

Takardar da ke cikin kwalin takan ƙare ne a "sa hannunka a ciki ka kalli madubi". Ga abin da ya kamata ta ce.

Mara lafiya ya zauna a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa, teburi a tsayin da gwiwar hannu za ta kwanta a kai ba tare da kafaɗa ta ɗage ko ta rataye ba. Wannan na kafaɗa ba abin wasa ba ne, domin kafaɗar da ta shanye tana iya zamewa daga gurbinta in aka bar nauyin hannu ya ja ta, don haka a ɗora damtsen gaba ɗaya a kan teburi ko a kan tawul da aka naɗe. Madubi ya tsaya a gaban ƙirji, gefensa na fuskantar mutum, fuskarsa na kallon lafiyayyen hannu. A ɗan matsar da shi zuwa ɓangaren mara lafiya yadda za a ga hoton ba tare da an karya wuya ba. A cire zobe, agogo da abin hannu, a naɗe hannun riga iri ɗaya a duka biyun. A kashe talabijin, a kawar da duk abin da zai bayyana a cikin madubin ban da hannu da teburi.

Minti ɗaya ko biyu na farko babu motsi. Hannaye biyu a kwance iri ɗaya, ido a kan hoton, har mutum ya fara jin cewa wancan hannun nasa ne. Wanda ya tsallake wannan ya fara motsi nan take, yawanci kallon madubi kawai yake yi.

Sannan motsi, a hankali, daƙiƙa 3 zuwa 4 zuwa, haka kuma dawowa, sau 10 zuwa 15 kowanne. A fara da buɗe hannu da rufewa, ɗaga wuyan hannu, juya tafi sama da ƙasa, sai taɓa babban yatsa da kowane yatsa bi da bi. In waɗannan sun zauna, a kawo kaya: soso, kofin roba, ƙyallen goge teburi. Game da ɓoyayyen hannu akwai hanyoyi uku, kuma likitan fisiyo, wato mai gashin gaɓoɓi, shi ne ya kamata ya zaɓa. Ko dai ya kwanta shiru mutum yana raya cewa shi ke motsin, ko ya yi iya ƙoƙarinsa tare da ɗayan, ko mai taimako ya motsa shi daidai da hoton. Hannun da babu motsi a cikinsa ko kaɗan ya fi dacewa da ta farko ko ta uku. Mai ɗan motsi ya fi amfana da ta biyu. Ga wanda jin taɓawarsa ya ragu, mai taimako na iya shafa buroshi mai laushi a wuri ɗaya na hannayen biyu a lokaci ɗaya, mara lafiya yana kallon hoton.

A ƙarshen kowane zama a janye madubin, a sa hannun mara lafiya ya gwada abin da aka gama yi, ko da tura ƙyalle ne a kan teburi. Mun ɗauki wannan a matsayin rabin aikin. Madubin yana shirya ƙwaƙwalwa ne, amma sai hannun ya yi aikin gaske kafin abin ya zauna.

Game da yawan lokaci, bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi a 2018 ta tattara bincike 62 da mutum 1,982 masu shanyewar ɓarin jiki. Zaman da aka yi a cikinsu ya kama daga minti 15 zuwa 60, sau 3 zuwa 7 a mako, tsawon mako 2 zuwa 8, matsakaicinsa minti 30, sau 5 a mako, na mako 4. Ta sami hujja mai matsakaicin ƙarfi cewa motsi da ayyukan yau da kullum suna inganta, hujjar rage ciwo kuma ta fi rauni. A yawancin binciken an ƙara madubin ne a kan gashin da ake yi, ba a maye gurbinsa da shi ba. A aikace, minti 30 a jere yana da yawa ga wanda ya fito daga bugun jini kwanan nan, hankali na gajiya tun kafin hannu. Gara minti 10 sau uku a rana.

Abubuwan da ke lalacewa

Wanda ya fi yawa shi ne ido ya zame daga hoton ya koma kan lafiyayyen hannu. Mara lafiya ba ya sanin ya yi, mai taimako ne zai tsaya ta gefe ya lura da idonsa. Na biyu sauri: lafiyayyen hannu yana gudu a yadda ya saba, ƙwaƙwalwa kuma ta san ɓoyayyen ba zai iya haka ba.

Na uku ya fi su haɗari ga masu sandarewar tsoka. Idan aka matse lafiyayyen hannu da ƙarfi, hannun da ya shanye yakan dunƙule da kansa, gwiwarsa ta lanƙwashe. A cikin rami ba mai ganin wannan. Sai a gama zama a fito da hannu ya fi yadda ya shiga tauri. Maganinsa a bar matsa ƙwallo da duk wani aikin ƙarfi, a fi ba buɗewa muhimmanci a kan rufewa, mai taimako kuma ya riƙa leƙa ramin. A nan madubi mai tsayawa a kan ƙafa, wanda bayansa a buɗe yake, ya fi akwati nesa ba kusa ba.

Akwai kuma saɓani. In ɓoyayyen hannu yana yin wani abu dabam da abin da hoto ke nunawa, jiki na iya amsawa da jin baƙon abu. Candy McCabe da abokan aikinta a Bath ta Ingila sun gwada wannan a kan lafiyayyun mutane a 2005, kusan biyu cikin uku suka ba da rahoton wani abu, kamar jin tsira-tsira, nauyi, canjin zafi, ko jin gaɓar ba tasu ba ce. Jiri, tashin zuciya da gumi ma suna faruwa. In sun zo, a ɗauke ido daga madubin, a kalli wani abu tsayayye a ɗakin, a huta, a dawo da gajeren zama. In suna dawowa kullum, a dakata a gaya wa likita.

Ga waɗanda aka yanke wa gaɓa, ganin hannu ko ƙafar ta "dawo" yana iya tayar da baƙin ciki, har da kuka. Wannan sananne ne, kuma dalili ne da zai sa zaman farko ya kasance tare da ma'aikacin lafiya, ba mutum shi kaɗai a ɗaki ba. A kuma tambaye shi yadda yake jin gaɓar da babu. In yana jin ta a dunƙule, lafiyayyen hannu ya fara a dunƙule, a buɗe shi kaɗan-kaɗan iya inda yake jin waccan na bi. Binciken da aka fi ambata a kan ciwon da ake ji a gaɓar da aka yanke shi ne na asibitin sojoji na Walter Reed a Amurka a 2007, inda aka ɗauki mutum 22 da aka yanke wa ƙafa, minti 15 a rana na mako 4. Duk waɗanda suka kammala a rukunin madubi sun ce ciwon ya ragu, yawancin na rukunin da aka rufe wa madubi da na rukunin raya motsi a zuci kuwa ba su samu haka ba. Ƙaramin bincike ne, kuma a kan ƙafa aka yi shi, da dogon madubi. Mai sayar da ƙaramin akwatin hannu da ke kafa hujja da shi yana tallata abin da kayansa ba za su iya yi ba.

Ciwon nan mai ƙuna da kumburi da canjin launin fata da ke biyo bayan rauni yana bukatar taka-tsantsan na daban. Aikin McCabe na 2003 ya nuna sauƙi ga waɗanda ciwon bai daɗe ba, amma ba ga waɗanda suka shekara biyu ko fiye da shi ba. Ga irin waɗannan, shiga madubi kai tsaye na iya tayar da ciwon. Tsarin da Moseley ya gwada a 2004 yana farawa ne da mako biyu na kallon hotunan hannaye ana tantance na dama da na hagu, mako biyu na raya motsi a zuci, sannan mako biyu na madubi.

Wanda bai kamata a saya masa ba: wanda hannayensa biyu suka samu matsala, wanda ba ya iya zama da kansa na minti 10, da wanda ba ya iya bin umarni mai mataki biyu. Mai matsalar rabin gani, da wanda bugun jini a damar ƙwaƙwalwa ya sa yake mance ɓangaren hagu gaba ɗaya, suna iya amfana, amma sai likita ya daidaita musu wurin madubi da kujera, domin hoton yana faɗawa ne daidai ɓangaren da ba sa kula da shi. Kuma sabon rashin ƙarfi a gaɓa da ya zo farat ɗaya, ko karkacewar baki, ko sarƙewar magana, maganar asibiti ce ta gaggawa.

Tsafta da kuma abin da za a saya a madadinsa

Akirilik yana karcewa da wuri. A goge shi da ƙyalle mai laushi da ruwa da ɗan sabulu. Sifirit da ruwan wanke gilashi mai amoniya suna sa shi tsattsagewa da hazo, kuma ba ya komawa. Wannan matsala ce a asibiti, inda ake goge kaya da sifirit tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Yadin da ke cikin ramin kuma yana shan gumin tafin hannun da ya dunƙule, ba ya wankuwa da kyau, don haka mai bango na roba zalla ya fi dacewa da wurin da mutane da yawa ke amfani da shi.

Ana tallata manhajojin waya da tabarau na kwamfuta da ke juya hoton hannu a madadin madubi. Suna da fa'idar ƙirga motsi da sa wasa a ciki, amma kyamara da allo suna kawo jinkiri, kuma gwaje-gwaje a kan ruɗin hannun roba, inda mutum ke jin hannun roba kamar nasa ne, wanda Matthew Botvinick da Jonathan Cohen suka bayyana a 1998, sun nuna jin mallakar hannu yana raunana idan jinkirin ya wuce kusan milisakan 300. Madubi ba shi da jinkiri ko kaɗan.

Don haka mai naɗewa ya dace da mutum biyu: mai aikin yatsu da wuyan hannu wanda ke yawan tafiya, da ma'aikacin da ke bin marasa lafiya gida-gida. Kowa ban da su, gara babban madubi miƙaƙƙe mai firam da ƙafar tsayawa, na akirilik mai kaurin milimita 3 zuwa sama a kan katako, ko na gilashi da aka rufe gefunansa in akwai mai ɗauka da ajiyewa.

Ko wanne aka saya, a auna kafin a fara. Ga ciwo, a rubuta lamba daga 0 zuwa 10 kafin kowane zama da bayansa. Ga motsi, a ƙirga 'yan katakai masu faɗin santimita 2.5 nawa hannun ke iya tsallakar da su daga ɓangare ɗaya na wani akwati da aka raba biyu zuwa ɗayan a cikin daƙiƙa 60, in kuma bai kai nan ba, a ɗauki bidiyon buɗe yatsu daga kusurwa ɗaya kowane mako. Bayan mako 4 na zama a kai a kai, a kai wa likitan fisiyo lambobin. In babu abin da ya motsa, a fara duba madubin da rula, da nisan hannayen, da inda ido ke kallo, kafin a yanke cewa gashin bai karɓi mara lafiyan ba.